Wa Ke Duba Mudun Tauraron Ɗan'adam? Yadda Ake Tantance Awon Ruwan Sama Da Rada

Duk wanda ya taɓa noma, ko ya zauna da manoma, ya san halin ruwan damina. Hadari zai taso daga gabas, gari ya yi baƙi ƙirin, iska ta kwashi ƙura, sannan a sheƙa ruwa a wannan unguwa har kwata ta cika ta tumbatsa, amma ƙauyen da ke bayan tudu, tafiyar rabin sa'a a ƙafa, ko yayyafi bai samu ba. Washegari a kasuwa wannan na cewa jiya sun sha ruwa, wancan na cewa su dai iska suka gani. Dukansu gaskiya suka faɗa.

To ga shi yanzu mutum zai buɗe waya ko kwamfuta ya ga taswira mai launi-launi, an rubuta cewa jiya an yi ruwa milimita 40 a wani daji, ba gida gaba ba gida baya. Lambar daga tauraron ɗan'adam ta fito, kuma da irinta ake lissafin inda fari zai afka, da inda kogi zai yi ambaliya, har da wanda za a biya kuɗin inshorar gona. A kasuwar hatsi idan aka yi shakkar mudun mai awo, wani mudun da aka yarda da shi ake kawowa a gwada. A harkar ruwan sama, mudun da masana suka fi kawowa shi ne rada, na'urar nan mai juyawa cikin farin ƙwallo a kan hasumiya, wadda ke harba sigina cikin hadari tana sauraren abin da zai dawo. Yadda ake wannan gwaji shi nake so in warware, da kuma dalilin da ya sa shi kansa mudun gwajin sai an sa masa ido.

Babu tauraron da ke tarar ruwa a kwano. Alamu yake hangowa daga nesa, kwamfuta ta juya su zuwa milimita. Mafi daɗewar hanya ita ce ta taurarin da ke can ƙololuwa, kimanin kilomita 36,000 daga doron ƙasa, masu zagaye daidai da juyawar duniya, shi ya sa kullum wuri ɗaya suke kallo. Na Turai, Meteosat, shi ke fuskantar Afirka, yana ɗaukar hoto duk minti 10 zuwa 15, kuma abin da yake aunawa shi ne sanyin saman gajimare. Iya tsawon gajimare iya sanyin kansa, hadarin da ya yi tsiri sosai kuwa shi ya fi zubar da ruwa. Wata tsohuwar ƙa'ida ta ce duk inda saman gajimare ya kai sanyin digiri 38 ƙasa da sifili, a lissafa masa milimita 3 a kowace sa'a. Masana a Jami'ar Reading ta Ingila, masu shirin TAMSAT, sun haura shekara 40 suna ƙirga sa'o'in da gajimare mai sanyi ke yi a kan kowane yanki na Afirka, suna daidaita lissafin da ma'aunan ƙasa. Dabarar tana aiki, sai dai babban hadari malafa gare shi. Idan ya kai maƙura a sama sai kansa ya baje gefe da gefe, faɗin ɗaruruwan kilomita, sanyi ƙalau, alhali ruwan a wani ɗan yanki yake zuba. Mai kallo daga sama malafar yake gani, fuskar mai ita a ɓoye take.

Sai kuma taurarin da ke shawagi ƙasa-ƙasa, kilomita 400 zuwa 800 da ɗoriya, ɗauke da na'urar da ke sauraren siginar maikirowef da ƙasa da gajimare ke fitarwa da kansu. Ita wannan sigina tana ratsa gajimare, don haka ana leƙa cikinsa. A kan teku aikin da sauƙi, domin teku dishi-dishi yake fitowa a idon na'urar, ruwan sama kuma ya fito sarai. A kan tudu kuwa ƙasa da kanta tana fitar da sigina mai ƙarfi da ke danne ta ɗigon ruwa, sai a koma dogaro da ƙanƙarar da ke saman hadari, wadda ke tarwatsa siginar ta bar alama. Wato a kan tudu ƙanƙara ake aunawa a ce ruwa ne. Gajimaren da ke zubar da ruwa bai yi tsawon da zai haɗa ƙanƙara ba yana iya sulalewa ba a gan shi ba, hadarin da ya cika da ƙanƙara kuma a rubuta masa ruwan da bai sauke ba. Ga shi kuma waɗannan taurari masu wucewa ne. Ko an haɗa su duka, wuri yana iya yin sa'a uku babu wanda ya leƙo shi.

Abin da ya sauya harkar shi ne ɗora rada a kan tauraro. A Nuwamban 1997 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, da takwararta ta Japan suka harba TRMM daga tsibirin Tanegashima, ɗauke da radar awon ruwan sama ta farko da ta taɓa zuwa sama. Ya yi shekara 17 yana aiki, har 2015. Magajinsa GPM ya tashi daga wannan tsibiri a ƙarshen Fabrairun 2014, da rada mai zango biyu. Tana share hanya mai faɗin fiye da kilomita 240, tana yanka hadari daga sama zuwa ƙasa falle-falle, kowane falle kaurin mita 250. Hanyar tata siririya ce idan aka kwatanta da faɗin duniya, saboda haka babban aikinta shi ne zama malamar sauran taurari, da ita ake saita su. Daga nan sai a zuba komai a tukunya ɗaya mai suna IMERG, wadda ke raba duniya gida-gida kamar dara, kowane gida kimanin kilomita 11 tsawo da faɗi, ta ba kowanne lambarsa duk rabin sa'a. Inda babu tauraron da ya wuce, sai a tura ruwan da aka gani ɗazu gaba bisa tafiyar iska, a cike giɓi da hoton sanyin gajimare.

Mai karatu zai ce, to me ya hana a gwada wannan lamba da ma'aunin ruwa na ƙasa, gwangwanin nan da ake kafawa a filin jirgi da ofishin gona? Ana yi, kuma ba za a daina ba, domin shi kaɗai ne ruwa ke shiga cikinsa. Matsalar girma ce. Bakin ma'auni sau da yawa kimanin murabba'in santimita 200 ne, faɗin ƙaramin kwano. Gida ɗaya na IMERG kuwa murabba'in kilomita 120 ne, wato ya ninka bakin ma'aunin sau biliyan 6. A 2017 wani masani mai suna Chris Kidd da abokan aikinsa sun yi lissafin cewa da za a tattaro bakunan dukkan ma'aunan ruwan da ake samun bayanansu a duniya a jera su wuri ɗaya, ba za su rufe rabin filin ƙwallo ba. Idan tauraro ya ce milimita 10, ma'auni ya ce babu ko ɗigo, yana yiwuwa babu wanda ya yi kuskure: an yi milimita 40 a kashi ɗaya cikin huɗu na gidan, ma'aunin kuma yana wancan gefen da ruwa ya tsallake. Labarin mutanen kasuwar nan ne dai.

A nan rada ta shigo. Ita ma fili take gani kamar tauraro, ga ta kuma kusa, kuma ba ta barin wurinta. Tana juyawa tana harba sigina kamar mai haska tocila cikin duhu, ɗigon ruwa na maido da amsa-kuwwa. Daga lokacin da amsar ta ɗauka a san nisa, daga ƙarfinta a ƙiyasta ruwa. Idan ta gama zagaye ɗaya sai ta ɗan ɗaga kai ta sake wani, har ta karance sararin da ke kewaye da ita cikin minti 5 ko makamancin haka. Amurka tana da irin waɗannan wajen 160 a tsarin da ake kira NEXRAD, kuma a cibiyar binciken guguwa da ke Norman a jihar Oklahoma an gina tsarin MRMS mai ɗinke hotunansu ya fitar da taswirar ruwan ƙasar baki ɗaya, gida-gida na kilomita 1, duk minti 2. Da irin wannan, sai a tara ƙananan gidaje fiye da 100 da ke cikin gida ɗaya na tauraro a fitar da matsakaicinsu, a gwada fili da fili, lokaci da lokaci.

Amma ita ma radar ƙiyasi take yi, kuma wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Ƙarfin amsa-kuwwa girman ɗigo yake bi, bi mai tsanani. Idan faɗin ɗigo ya ninka biyu, ruwan da ke cikinsa ya ninka sau 8, amma amsarsa ta ninka sau 64. Ɗigo ɗaya mai faɗin milimita 2 yana da murya daidai da ɗigo 64 masu milimita 1, alhali waɗannan ƙananan sun fi shi ruwa sau 8. Saboda haka kafin a juya amsa-kuwwa zuwa milimita, sai an ɗauka cewa an san yadda manya da ƙananan ɗigo suka cakuɗu a cikin hadarin. A 1948 wasu masana biyu na Jami'ar McGill ta Kanada, Marshall da Palmer, suka wallafa sakamakon ƙirga ɗigo da aka tara a kan takarda mai rini, kuma ƙa'idar lissafin da ke ɗauke da sunansu har gobe ana amfani da ita. Sai dai ruwan Kanada daban, ruwan ƙasashe masu zafi daban. Amsa-kuwwar da ta kai 40 a dBZ, wato ma'aunin ƙarfin amsar rada, da ƙa'idarsu ruwan milimita 12 ne a sa'a. Da ƙa'idar da aka tsara don ruwan yankuna masu zafi kuma kusan milimita 22 ne. Hadari ɗaya, rada ɗaya, bambancin ya kusa ninki.

An rage wannan matsala da radar zamani mai harba sigina iri biyu, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye. Ƙaramin ɗigo mulmulalle ne kamar ƙwayar gero, babba kuwa iska na danna shi daga ƙasa yana faɗowa har ya baje kamar waina. Idan amsar siginar kwance ta fi ta tsaye ƙarfi, an san manyan ɗigo ne. Amurka ta gama sauya radojinta zuwa wannan fasaha a 2013. A wuraren gwaji kuma akan kafa na'urorin da ke ƙirga ɗigo ɗaya bayan ɗaya suna auna girmansa, don a san ko ƙa'idar da aka zaɓa ta dace da ruwan wurin.

Akwai kuma batun nisa. Duniya a lanƙwashe take, siginar rada kuwa kusan miƙe take tafiya, don haka tana yin nisa tana rabuwa da ƙasa. Ko an sunkuyar da kan radar zuwa rabin digiri, a nisan kilomita 100 siginar ta kai tsayin kilomita ɗaya da rabi, a kilomita 200 kuma ta kai kilomita 4, ga ta ta buɗe kamar hasken tocila a nesa. Abin da ke faruwa tsakanin wannan tsayi da gonar manomi ba ta gani. A ƙasashe masu zafi kuma, tsakanin kilomita 4 zuwa 5 ne ƙanƙarar da ke saukowa ke narkewa. Ƙanƙara mai narkewa tana lulluɓe da ruwa, sai rada ta ɗauke ta a matsayin ƙaton ɗigo, ta rubuta ruwa kamar da bakin ƙwarya a inda mamako ne kawai ake yi. Tsauni yana tare sigina, gini yana tare ta, tsuntsaye da ƙwari ma suna maido da amsa.

Na ƙarshe, wanda ya fi ɓuya, shi ne saiti. Rada inji ce, tana tsufa, ana canja mata kaya. Idan saitinta ya kauce da desibel 1 kacal, wato maki ɗaya a ma'aunin ƙarfin amsa, lissafin ruwa ya kauce da kimanin kashi 15 cikin 100. Idan ya kai desibel 3, kuskuren ya haura rabi. Kuma hoton zai ci gaba da fitowa tsaf, babu abin da zai nuna wa mai kallo cewa wani abu ya taɓu.

To da wannan mudu mai larurori ake gwada na sama, shi ya sa gwajin yake da sharuɗɗa masu tsauri. Tun zamanin TRMM aka ware wurare huɗu na dindindin: Melbourne a jihar Florida, Houston a Texas, Darwin a arewacin Ostareliya, da Kwajalein, wasu 'yan siraran tsibirai a tsakiyar tekun Fasifik, kusan layi ɗaya da Abuja idan aka auna nisa daga tsakiyar duniya. An zaɓi Kwajalein ne domin ƙasar wurin ba ta taka kara ta karya ba, radar kusan teku zalla take kallo, kuma mafi yawan ruwan saman duniya a kan teku yake sauka, inda babu mai kafa ma'auni. A zamanin GPM aka faɗaɗa aikin zuwa gomman radojin Amurka da wasu na ƙasashen waje.

Gwajin kansa aikin haƙuri ne. Tauraron yana gudun fiye da kilomita 7 a daƙiƙa, yana ratsa da'irar rada cikin rabin minti, kuma ba kullum yake bi ta kanta ba. Sai an dace ya wuce ana cikin ruwa. Radar sama daga bisa take kallo, tana ganin faifai mai faɗin kilomita 5 da ɗan kauri. Radar ƙasa daga gefe take kallo, tana ganin yanki mai ƙara kauri da nisa. Masana sai su nemo daidai inda siginar biyu suka gitta juna, su ɗauki matsakaicin abin da kowace ta gani a wannan dunƙulen sarari, yawanci cikin kilomita 100 daga radar ƙasa, kuma da tazarar lokaci da ba ta wuce 'yan mintoci ba. Mintocin nan ba abin rainawa ba ne. Hadari mai gudun kilomita 50 a sa'a yana cin kilomita 4 cikin minti 5, ya kusa ficewa daga faifan da tauraron ya kalla.

Zangon radojin ma ba ɗaya ba ne. Masu sauraren rediyo sun san zancen gajeren zango da mita kaza; to radar NEXRAD zangonta santimita 10 ne, babbar radar GPM kuwa santimita 2 da ɗan kai. An gajarta shi ne don farantin ya yi ƙanƙantar da roka zai ɗauka. Farashin hakan shi ne ruwa mai ƙarfi yana cinye gajeriyar sigina. Duk mai kallon talabijin ta dish ya san wannan, da hadari ya haɗu hoto ya fara yankewa. Siginar dish ɗin da ta radar GPM 'yan gida ɗaya ne. Don a maido da abin da ruwa ya cinye, ana duba amsar da doron ƙasa ko teku ya maido ta cikin ruwan, a kwatanta da wadda yake maidowa a gefe inda babu ruwa, bambancin shi ne asarar. Radar ƙasa mai dogon zango, wadda ruwa bai cika rage mata ƙarfi ba, ita ke nuna ko gyaran ya yi daidai. Ita ce kuma ke fallasa wata makantar: kusa da ƙasa, kilomita 1 zuwa 2 a gefunan hanyar tauraron, amsar doron ƙasa tana rufe ta ruwa, sai a yi hasashen abin da ke can daga abin da aka gani a sama.

Abin da ya fi burge ni a wannan labari shi ne yadda reshe ya juye da mujiya. An kafa radojin ƙasa don su duba na sama, sai aka tarar radar sama ta fi su riƙe saiti. Shekara da shekaru saitin radar TRMM bai kauce da fiye da desibel 1 ba, kuma ita ɗaya ce ke bi ta kan kowa. A Kwajalein, da aka ga lambobin radar ƙasa suna hawa da sauka ba dalili, sai aka ɓullo da dabara: gine-gine da hasumiyoyin da ke kusa ba sa motsi, don haka amsar da suke maidowa yau ya kamata ta zama ta jiya, idan ta canja, radar ce ta canja. Wannan yana nuna ranar da saiti ya goce, radar sama kuma ta taimaka a san inda daidai yake. Masana a Ostareliya sun bi wannan hanya da TRMM da GPM suka binciki radojinsu na yankin Sydney da na Darwin, suka gano lokutan da suka kauce da desibel da dama. Yau lamarin ya zama na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Ta sama tana gyara wa ta ƙasa saiti, ta ƙasa tana nuna wa ta sama abin da ya faru kusa da doron ƙasa da kuma tsakanin wucewa da wucewa, ma'aunin gwangwani kuma yana ƙarƙashinsu yana tabbatar da abin da ya sauka. Shi ya sa Pierre Kirstetter na Jami'ar Oklahoma da abokan aikinsa, da suka shirya bayanan MRMS don gwada GPM, sai da suka fara gyara su da ma'aunan ƙasa, suka kuma zubar da duk inda siginar rada ta yi tsayi ko wani abu ya tare ta. Abin da ya rage bayan tankaɗe shi ake kira abin gwaji.

Idan aka jera lambobin biyu, tambayar farko ita ce ko tauraro ya ga ruwan ma: sau nawa aka yi ruwa ya ce an yi, sau nawa ya wuce shi, sau nawa ya ce an yi alhali ƙasa a bushe take. Bayan nan sai yawa. Kuskuren yawa iri biyu ne, kuma duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san su. Akwai na hannun mai awo, wani mudun ya yi tozo wani ya ɗan gaza. Idan aka auna buhu guda sai wannan ya cike wancan. Akwai kuma na mudun da aka doke gindinsa ya shige ciki, wanda kullum tauyewa yake, iya yawan awo iya yawan asara. Irin na farko yana raguwa idan aka tara kwanaki da faɗin ƙasa, dalili ke nan da taswirar wata guda ta jiha guda ta fi ta rabin sa'a a kan ƙauye ɗaya abin dogaro nesa ba kusa ba. Irin na biyu ba ya gushewa sai an gano shi an gyara. Sharaɗin da NASA ta gindaya wa GPM shi ne, a fili mai faɗin kilomita 50, kuskure kada ya kai kashi 50 cikin 100 a ruwan milimita 1 a sa'a, kada kuma ya kai kashi 25 a ruwan milimita 10 a sa'a. A duba fa, wannan shi ne mizanin cin jarrabawa na tauraron da ya fi kowanne.

Wani tarko kuma da ake yawan faɗawa. IMERG kashi uku yake fitowa: na gaggawa bayan kimanin sa'a 4, na biyu bayan sa'a 14, na ƙarshe bayan wata uku da rabi. Shi na ƙarshen an riga an gyara shi da jimillar wata ta ma'aunan ƙasa da wata cibiya a Jamus ke tattarawa. Wanda ya gwada shi da waɗannan ma'aunai ya ba ɗalibi jarrabawar da ya riga ya ga amsarta. Mai gargaɗin ambaliya kuwa na gaggawar yake amfani da shi, wanda bai samu wannan gyara ba, don haka yabon da aka yi wa na ƙarshe bai shafe shi ba.

Gwaje-gwajen sun nuna inda taurari ke tuntuɓe. Ruwa mara ƙarfi da dusar ƙanƙara suna ba su wahala. A kan tsaunuka suna tauye awo. Aikin OLYMPEX da aka yi daga Nuwamban 2015 a tsaunukan gaɓar jihar Washington ya nuna yadda iska mai laima ke hawa dutse ta ƙara ruwa can ƙasa-ƙasa, inda idon tauraro bai kai ba. A busassun wurare kuma sukan yi ƙari, domin ruwan yana barin gajimare da gaske, amma busasshiyar iskar da ke ƙasa tana shanye wani kaso kafin ya taɓa ƙasa. Wannan mun san shi a bazara: ka hango ruwa na zuba daga hadari kamar zare, ya tsaya a rataye, ƙasa ba ta jiƙe ba.

Wannan ya kawo mu gida, domin a nan ne zancen ya fi nauyi. Inda aka fi gwada taurari, wato Amurka da Turai da Japan da Ostareliya, nan ne aka fi wadatuwa da rada da ma'aunai. Inda aka fi dogaro da su kuwa, irin yankin Sahel, nan ne abin gwajin ya fi ƙaranci. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai da tsarin gargaɗin yunwa na FEWS NET suna bin damina da ƙiyasin taurari. A farkon 2015 hukumar inshorar bala'o'i ta Tarayyar Afirka, ARC, ta biya Nijar da Senegal da Muritaniya fiye da dala miliyan 26 saboda ƙarancin ruwan 2014, kuma lissafin da ya buɗe wannan asusu a kan ƙiyasin tauraro aka gina shi. Idan mudun ya yi ƙari a shekarar fari, manomin da gonarsa ta ƙone shi zai rasa.

Ruwan Sahel kuma da halinsa. Kashi 80 zuwa 90 cikin 100 nasa daga manyan hadura masu tafiya a jere yake zuwa, suna tasowa daga gabas da gudu, gaba ruwa mai ƙarfi na ɗan lokaci, baya mamako, sama cike da ƙanƙara, ƙasa da busasshiyar iska. An yi ƙoƙarin auna su a inda suke. Tun 1990 masanan Faransa da na Nijar suka baza ma'aunai wajen 100 a kewayen Yamai, kuma wani ɓangare na wannan shimfiɗa ya ci gaba da aiki a ƙarƙashin shirin sa ido kan ruwa mai suna AMMA-CATCH. A daminar 2006 da ta 2007, lokacin babban binciken daminar Afirka ta Yamma mai suna AMMA, an girke radar jami'ar MIT ta Amurka a filin jirgin saman Yamai, wata ƙaramar rada mai suna Xport kuma a Djougou da ke arewacin Jamhuriyar Benin. Bayan Indiya da Faransa sun harba tauraron Megha-Tropiques a Oktoban 2011, an kai Xport Wagadugu don gwada shi. Marielle Gosset ta cibiyar binciken Faransa mai suna IRD da abokan aikinta, da suka gwada ƙiyasin taurari da ma'aunan Nijar da Benin, sun tarar waɗanda ake fitarwa cikin gaggawa ba tare da gyaran ma'auni ba suna yin ƙari sosai a Nijar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da lambobin Oklahoma aka tsaya a kansu, da ba a ga girman wannan ba.

Sai dai radojin nan na bincike ne, an zo da su na damina ɗaya ko biyu an tafi. A ganina abin da yankin ke buƙata ya wuce sayen rada a yi bikin buɗewa. Rada tana son wuta ba yankewa, da kayan gyara, da injiniyan da ya san saitinta, da ma'aunai a ƙarƙashinta, da rumbun ajiye ɗanyen bayananta na kowane minti wanda ɗalibin jami'a a Kano ko Maraɗi zai iya buɗewa. Ɓangare ɗaya na aikin ma kyauta ne: GPM yana bi ta kan Afirka ta Yamma kamar yadda yake bi ta kan Texas, bayanansa a buɗe suke ga kowa, don haka duk radar da ke aiki tana ajiya za a iya duba saitinta duk ranar da ya wuce ana ruwa.

Kafin a kai can, akwai wata hanya da aka gwada a maƙwabta. Hasumiyoyin wayar salula suna aika wa juna sigina ta iska, kuma ruwa yana rage mata ƙarfi kamar yadda yake yi wa dish. A daminar 2012, Ali Doumounia na Jami'ar Wagadugu da abokan aikinsa suka karɓi bayanan wata sigina tsakanin hasumiyoyi biyu na kamfanin Telecel Faso masu tazarar kilomita 29, suka juya raunin siginar zuwa milimita, suka gwada da ma'aunai, lambobin suka bi juna da kyau. Irin wannan awo a kan layi yake, 'yan gomman mitoci sama da ƙasa, daidai inda radar sama ke makancewa, kuma tsawonsa ya fi kusa da girman gidan tauraro fiye da bakin gwangwani. Ba ya ganin cikin hadari kamar rada, kuma sai inda hasumiyoyi suke. Amma hasumiyoyin suna nan a tsaye daga Sakkwato zuwa Diffa, kamfanoni kuma suna duba ƙarfin siginarsu dama don kula da layukansu. Abin da ya rage shi ne yarjejeniyar da za ta ba masu awon ruwa damar karanta waɗannan lambobi.